Kafin A Ce An Gano Zinare, A Fara Karanta Ninkin Dutse

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da na daɗe ina lura da shi a rahotannin ma'adinai, wato gaggawar da ake yi wajen shelar cewa an gano zinare a wuri kaza, alhali abin da ke hannu bai wuce ɗan dutse mai ƙyalli da takardar gwaji guda ɗaya ba. Na shafe shekaru masu yawa a aikin binciken ma'adinai, wasu a daji da guduma da kamfas, wasu a rumfar da ake jera sandunan dutse da na'urar huda ta zaro daga ƙarƙashin ƙasa, kuma a tsawon wannan lokaci na ga dukiya mai yawa ta salwanta saboda an fara huda ƙasa tun kafin a fahimci yadda dutsen wurin ya lanƙwashe. Mutane da yawa sun ɗauka neman zinare allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Rabo yana nan, ba na musu, amma a tsofaffin duwatsun da suka ninku suka murzu, zinare yana da wuraren da ya saba zama, kuma ana iya gane su.

Zinare yana nan a kusan kowane dutse, sai dai adadinsa bai wuce 'yan miligiram a cikin tan guda ba. Kafin wuri ya cancanci haƙa, sai zinaren ya taru ya kai kimanin giram ɗaya a kowane tan idan buɗaɗɗen rami za a yi, ya kuma ninka haka sau da yawa idan ƙarƙashin ƙasa za a shiga. Ke nan dole wani abu ya tattaro shi daga fili mai faɗi ya zube shi a ƙuntataccen wuri, kuma abin nan ruwa ne mai zafi. Lokacin da sassan ɓawon duniya suka matsi juna, duwatsun da suka nutse can ƙasa sukan gasu su saki ruwan da ke jikinsu, ruwa mai zafin digiri 250 zuwa 400 wanda ke ɗauke da iskar kabon da farar wuta, kuma farar wutar ce ke riƙe zinare a narke cikinsa. Wannan ruwa ba ya iya ratsa dutse mai ƙarfi sai ta inda ya tsage ko ya murzu. A shekarar 1998 ne David Groves da abokan aikinsa suka tattara irin waɗannan ma'adanan zinare ƙarƙashin suna guda, suka danganta su da lokacin da matsi ke tayar da tsaunuka, domin sun ga siffarsu ɗaya ce ko a Ostireliya ko a Kanada ko a Afirka ta Yamma.

Abin da muke kira layin murza shi ne inda ɓangarori biyu na dutse suka goga juna a zurfin da zafi ya sa dutse ya yi laushi, har ya miƙe ya zama falle-falle maimakon ya karye. Wasu daga cikin waɗannan layuka sukan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. A yankin Abitibi na Kanada, inda duwatsun suka kai shekara biliyan 2.7, akwai manyan layuka biyu, na Cadillac zuwa Larder Lake da na Porcupine zuwa Destor, kuma duk wanda ya ɗora taswirar mahaƙun yankin a kan taswirar duwatsu zai ga sun jeru a gefen layukan nan kamar garuruwa a bakin kogi. Amma ga abin lura, wanda sabon shiga yakan yi kuskure a kansa: akasarin mahaƙun ba a cikin babban layin suke ba, suna kan ƙananan rassan da suka ɓalle daga jikinsa, da wuraren da layin ya yi gwiwa ko ya rabu biyu. Haka abin yake a Kalgoorlie ta yammacin Ostireliya, inda Paddy Hannan da abokansa suka tsinci zinare a 1893. Babban layin hanya ce da ruwan ya bi ya hau sama, rassan kuwa nan ne ya tsaya ya sauke kayansa. Wanda ya ga babbar tsaga a taswira ya kafa na'urar huda a tsakiyarta yakan tarar da dutse murtsukakke ƙwarai wanda babu komai a cikinsa.

Dalilin da ya sa gwiwa ta fi miƙaƙƙen wuri ba shi da wuyar ganewa. Idan tsaga tana da lanƙwasa, sannan ɓangarorinta biyu suka goce, a wani gefen lanƙwasar dutse zai ƙara matsewa, a ɗaya gefen kuma zai buɗe ya bar sarari, kuma cikin sararin ne ruwa ke kwarara. A 1988 Richard Sibson tare da François Robert da Howard Poulsen suka bayyana cewa abin yana faruwa ne a kai a kai: ruwa ya taru ƙarƙashin toshewar tsaga har matsinsa ya fi ƙarfin dutse, tsagar ta motsa da girgizar ƙasa, ruwan ya ɓarke sama, matsinsa ya faɗi farat ɗaya, ya zubar da farin dutsen nan da ake kira kwaz tare da zinare, tsagar ta sake toshewa, a koma farko. Ana ganin shaidar wannan da ido. Idan ka jiƙa jijiyar kwaz, wato farin dutsen da ya cike tsagar, ta irin wannan wuri da ruwa ka duba ta da gilashin ƙara girma, za ka ga siraran baƙaƙen layuka a jere cikin farin, kowannensu ɗan ɓawon dutsen gefe ne da ya ɓalle a buɗewa guda, kuma sau da yawa a jikin baƙaƙen layukan ne ƙwayoyin zinare ke manne. Jijiyar da take fara tas kamar alli, babu layi babu tsatsa, yawanci buɗewa ɗaya ta yi ta cika, kuma yawancin irinta fanko ce. Masu doki da ganin tudun farin dutse kallon kitse suke yi wa rogo.

Yanzu sai batun ninki, wanda shi ne na fi so mai karatu ya tsaya a kansa. Ka ɗauki littafi mai kauri ka riƙe gefunansa biyu ka lanƙwasa shi. Za ka ga shafukan suna zamewa a kan juna, kuma daidai doron lanƙwasar wasu shafuka sun rabu sun bar ɗan sarari mai siffar sirdi. Haka duwatsu masu hawa-hawa suke yi idan an matse su daga gefe. A Bendigo ta jihar Victoria a Ostireliya, inda aka gano zinare a 1851, tsofaffin mahaƙa sun gane cewa jijiyoyin kwaz masu zinare suna zaune ne a doron ninki kamar sirdi a bayan doki, kuma idan sirdi ɗaya ya ƙare, to akwai wani a ƙarƙashinsa, da wani ƙarƙashin wancan, duk a kan layin doron. Saboda haka suka riƙa nutsa ramukansu kusa da layin, suna kutsawa gefe suna cin sirdi bayan sirdi, har wani rami ya haura zurfin mita 1,400 a farkon ƙarni na 20, kuma filin ya ba da zinare kimanin oza miliyan 22, kowace oza kimanin giram 31. Wanda ya nutsa raminsa mita ɗari daga layin doro, ko da a fili ɗaya ne da maƙwabcinsa mai arziki, zai iya haƙa har ƙarfinsa ya ƙare bai ga komai ba.

Sai dai ninki ba kasafai yake kwance daidai ba. Doronsa yakan karkata ya nutse cikin ƙasa ta wata fuska, kuma jikin ma'adinin yakan bi wannan nutsewa, ya zama kamar doguwar igiya ko sanda da aka soka a karkace. A mahaƙar Homestake ta Dakota ta Kudu a Amurka, wadda aka gano a 1876 ta kuma ba da kusan oza miliyan 40 kafin a rufe ta a farkon wannan ƙarni, zinaren yana cikin wani siririn hawan dutse mai yawan ƙarfe wanda ya ninku sau da yawa, ya yi kauri a wuraren lanƙwasa, kuma mahaƙa sun bi waɗannan igiyoyi har zurfin mita 2,400. A mahaƙar Morro Velho ta Barazil ma igiya ce aka bi shekara da shekaru tana gangarawa. Abin da wannan ke nufi ga mai bincike shi ne, sanin inda zinare ya leƙo a saman ƙasa kaɗan ne daga cikin aikin. Babban aikin shi ne sanin fuskar da ya nufa da kuma yawan karkatarsa.

Na koyi wannan da tsada. A farkon aikina, wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba ya tura mu wani tudu inda samfuran saman ƙasa suka ba da sakamako mai daɗi. Masu kuɗi suna ƙagare, na'urar huda tana cin haya kullum, mu kuma matasa ne masu ɗoki, sai muka jera ramuka goma sha biyu muka auna su daidai ƙarƙashin inda jijiyar ta fito. Duka suka ratsa layin murzar, duka kuma suka dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. Har an fara naɗe tantuna wani dattijo cikin masanan kamfanin ya zo, ya ƙi kallon takardun gwaji, ya ce a kai shi kwazazzabon da ke gindin tudun. Can ya durƙusa a kan wani faifan dutse da ruwa ya wanke, ya nuna mana ƙananan ninki da ba su wuce tafin hannu ba, da wasu siraran zane a fuskar dutsen kamar an ja tsintsiya a kan laka, ya ɗora kamfas ya auna su ɗaya bayan ɗaya har wajen talatin. Dukansu suna nutsewa kudu da kimanin digiri 30. Ya ce mini, “Yaro, ƙaramin ninki ɗan babban ninki ne, inda ɗa ya dosa can uban ya dosa.” Lissafin kuwa a bayyane yake: igiyar da ke nutsewa da digiri 30, kafin ta kai zurfin mita 100 ta matsa gefe fiye da mita 170. Ramukanmu duka sun wuce ta bayanta. Da aka ja na'urar kudu, rami na biyu ya same ta. Daga baya ta zama ƙarama, ba ta isa a kafa mahaƙa a kanta ba, amma da mun auna dutsen tun farko da ramuka uku sun ba mu wannan amsa.

Bayan siffa, sai a dubi nau'in dutsen kansa, domin ruwa ɗaya yana iya ratsa duwatsu biyu ya bar zinare a ɗaya ya wuce ɗayan. Dutse mai yawan ƙarfe yakan ƙwace farar wutar da ke cikin ruwan ya haɗa ta da ƙarfensa, su zama ma'adinin nan mai ƙyallin rawaya da ake kira farait, kuma da zarar farar wuta ta bar ruwan, zinare ba shi da abin riƙewa sai ya zube. Wannan ne sirrin Homestake, shi ne kuma sirrin baƙin dutsen Kalgoorlie wanda ya ba da fiye da oza miliyan 60. Haka nan idan dutse mai tauri yana kwance tsakanin masu laushi, lokacin matsi masu laushin sukan miƙe, mai taurin kuwa ya farfashe, ruwa ya sami ƙofofi. A Obuasi ta ƙasar Gana, inda aka kafa kamfanin haƙa tun 1897 a kan duwatsun da suka haura shekara biliyan 2, layukan murzar cike suke da baƙin ma'adinin da ake yin bakin fensir da shi, kuma kaso mai yawa na zinaren yana kulle cikin ƙananan allurai na wani ma'adini mai ɗauke da sinadarin nan mai guba da ake kira asanik, ido ba ya ganinsa, wanki da kasko ba ya fitar da shi. Wannan ma'adini idan ka buge shi da guduma yakan tashi da warin tafarnuwa, kuma duk tsohon ma'aikaci yakan kai dutsen hancinsa bayan bugu ba tare da ya sani ba.

Ruwan da ya wuce yakan bar sawu mai faɗi fiye da jijiyar kanta, kuma sawun muke fara nema. Dutsen da asalinsa kore ne yakan koɗe ya yi fari-fari, ya cika da ɗigo-ɗigon tsatsa idan ya sha iska. Sinadarai irin su asanik da antimoni da tangistin sukan bazu cikin ƙasa fiye da zinare, shi ya sa ake auna su a samfuran ƙasa da ake ɗiba a jere. Jirgin sama mai na'urar auna maganaɗisu yana nuna yadda hawa-hawan dutse suka lanƙwashe ko da ƙasa ta rufe su, har ma yana nuna inda ruwan zafi ya cinye ma'adinin maganaɗisu ya bar layi mai rauni. A ƙasashe masu zafi, inda marmara da ruɓaɓɓen dutse kan kai kaurin mita da dama, akan ɗebi ƙasar suri domin gara tana hawo da ita daga ƙasa sosai. Duk waɗannan suna da amfani, amma babu ɗayansu da ke cewa ga zinare; suna rage faɗin filin da za a bincika ne kawai, kuma a marmara musamman zinaren sama yakan yi tafiya ya bar asalinsa, ya bazu kamar laima a kan ƙaramar jijiya, ya sa a zaci abin ya fi haka girma.

A ganina, kuskuren da ya fi yawa a wannan zamani shi ne fifita hoton kwamfuta a kan dutsen da ke gaban mutum. Taswirar maganaɗisu mai launuka tana burge masu zuba jari, amma ba za ta gaya maka ko jijiyar ta riga ninkin samuwa ko ta biyo bayansa ba, kuma wannan tambaya ce ke yanke hukunci. Idan jijiyar ta riga ninkin, to ita ma ta ninku, ta tsinke gunduwa-gunduwa, sai a neme ta inda ninkin ya tara ta. Idan kuwa bayansa ta zo, za ta yanke shi ta wuce, kuma wurin nema shi ne inda ta haɗu da dutse mai ƙarfe ko mai tauri. Tsofaffin duwatsu sun sha matsi sau biyu, sau uku, wani lokaci fiye, kowanne daga fuskarsa, kuma a yawancin filayen da aka yi nazari sosai zinaren ya shigo ne a ƙarshe-ƙarshen wannan tarihi. Ba a warware wannan sai da ido da kamfas, da kuma sandar dutsen da aka yi wa alama tun tana cikin rami domin a san samanta da ƙasanta, a iya mayar da kowace jijiya yadda take kwance a cikin ƙasa.

Wannan ya kawo ni ga alƙaluman da ake bugawa, inda nake ganin jarida za ta iya kare masu karatunta. Idan kamfani ya ce raminsa ya ratsa mita 11 na dutse mai zinare, ya kamata wakilinku ya tambayi ainihin kaurin jijiyar, domin jijiya mai kaurin mita 2 idan aka huda ta a kusurwar digiri 10, wato kusan a bi tsawonta, za ta bayyana a sandar dutse da tsawon kimanin mita 11 da rabi. Haka kuma gwajin da ake yi da wuta yakan ɗauki giram 30 ko 50 ne kacal na garin dutse. Ƙwayar zinare guda mai nauyin miligiram ɗaya, wadda faɗinta bai kai rabin milimita ba, idan ta faɗa cikin giram 50 za ta sa sakamako ya nuna giram 20 a tan, ragowar garin kuma a gwada shi a tarar da kusan babu. Wannan matsala ce ta sa yunƙurin farfaɗo da haƙa a Bendigo ya ci tura a 2007, duk da cewa ƙwararru ne suka yi lissafin. Wannan kuskuren masu gaskiya ke nan. Na marasa gaskiya kuwa duniya ta gan shi a 1997, lokacin da aka gano cewa barbaɗa zinare aka riƙa yi a samfuran kamfanin Bre-X na Busang a Indonesiya, abin da ya sa Kanada ta kafa dokar bayar da rahoton ma'adinai mai tsauri a 2001, wadda ta wajabta sa hannun ƙwararren da za a iya tuhuma.

Saboda haka roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne duk lokacin da aka kawo muku labarin gano zinare a irin waɗannan duwatsu, wakilinku ya nemi a nuna masa taswirar duwatsun wurin mai ɗauke da awon ninki da layukan murza, ya tambayi ramuka nawa aka huda da nawa ne suka dawo fanko, ya tambayi ta wace fuska jikin ma'adinin yake nutsewa, ya kuma tambayi ko an sake gwada samfuran a wani ɗakin gwaji na daban. Idan samfurin daga saman ƙasa aka tsinto shi da hannu, a rubuta haka ƙarara a cikin labarin, domin hannun ɗan Adam dutsen da ya fi kyau yake ɗauka. In an ba ni dama a wani fitowar, zan so in yi bayani a kan zinaren rafi da yadda siffar ƙwayarsa ke nuna nisan da ta yi daga jijiyar da ta fito.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin binciken ma'adinai